In Kwamfuta Ta Zama Bebiya, A Fara Tambayar Direba

Kwamfuta ta daina zama baƙuwa a Tibati. Daga ƙarshen 2017 gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'o'in Kamaru kwamfutoci 500,000 masu tambarin PB HEV, 'ya'yanmu da ke Jami'ar Ngaundare suka riƙa zuwa hutu da nasu a jaka. Ga kuma na hannu da 'yan kasuwa ke kawowa daga Duwala da Kano. A 2022 ƙaramar tashar lantarki ta Mbakau ta fara aiki, abin da ya ƙara wa jama'a ƙarfin gwiwar saye.

To amma da arziki ya zo, ya zo da kukansa. Kukan da aka fi ji a ɗakin malamai da shagunan buga takardu shi ne: "Komai yana aiki, sauti ne kawai babu." Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasarmu da harsuna biyu take aiki, Faransanci da Ingilishi, kuma yaro ba ya iya furta abin da kunnensa bai taɓa ji ba. Malamin da ya tanadi darasin sauraro, in na'ura ta yi gum, darasin ya mutu ke nan. Wani ma sai ya karyar da kwamfutarsa a kasuwa, yana zaton ta ƙone, alhali lafiyarta lau. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Mene ne direba?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe wanda aikinsa fitar da sauti ne. Yawancin na wajenmu kamfanin Realtek na Taiwan ne ya ƙera su. Shi wannan ƙarfe ba ya jin yaren Windows, ita ma Windows ba ta jin nasa. Sai an sami tafinta a tsakani. Wannan tafintan wata 'yar manhaja ce da masu Ingilishi ke kira direba, masu Faransanci kuma su ce pilote. Sunan ya dace, don mota ko sabuwa ce dal, in babu direba a tashar Tibati za ta kwana, ba za ta ga Ngaundal ba.

Kowane ƙarfe da nasa direban. Tsofaffin na'urori suna bin tsarin AC'97 da kamfanin Intel ya fito da shi a 1997, na baya kuma suna bin High Definition Audio na 2004. Direban wannan ba ya tuƙa wancan. Yawanci kuwa direba yana ɓacewa ne ranar da aka wanke kwamfuta aka zuba mata sabuwar Windows, abin da masu gyara ke kira fomataj. A yi sauri a miƙa wa mai ita, ba a ko gwada sautin ba.

A fara da abin da ido ke gani

Kafin a taɓa direba, a duba abubuwa huɗu. Na farko, hoton lasifika da ke ƙasa kusa da agogo: ko an toshe sautin, ko an rage shi ƙasa ƙwarai. Na biyu, ramin da aka soka waya. A kwamfutar tebur koren rami shi ne na lasifika, mai ruwan hoda na makirfo ne, shuɗi kuwa na shigar da sauti ne daga waje. Na uku, in an haɗa na'urar da talabijin ko majigi ta wayar HDMI, sau da yawa sautin can yake tafiya. Sai a danna hoton lasifikar a sake zaɓar ta cikin gida. Na huɗu, ƙurar hunturu. Takan cika ramin abin sauraro na kunne har kwamfuta ta ɗauka an soka shi, sai ta kashe lasifikarta. A hura ramin, a soka waya a zare sau biyu ko uku.

Yadda ake gane babu direba

Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke magana, don haka zan ba da sunayen yadda suke a allo. In ka ga jan gicciye a kan hoton lasifika, ka buɗe Gestionnaire de périphériques. A Windows 10 da 11, danna maɓallin dama na linzami a kan tambarin Windows, za ka gan shi a jerin. Nemi layin Contrôleurs audio, vidéo et jeu, sannan ka duba Autres périphériques. Duk inda ka ga alamar motsin rai a cikin rawaya, nan ne ciwon yake: ƙarfe yana nan, direba babu.

In na'urar tana haɗe da intanet, danna maɓallin dama a kan layin ka zaɓi Mettre à jour le pilote, sau da yawa Windows takan nemo shi da kanta. In kuwa sautin ya ɗauke ne bayan an sabunta wani abu, shiga Propriétés ka zaɓi Restaurer le pilote, tsohon direba ya koma bakin aikinsa.

In duk wannan bai yi ba, juya kwamfutar ka karanta sunan kamfani da lambar samfurinta, HP ce ko Dell ko Lenovo, ka je shafin kamfanin ka sauke direban sauti na wannan samfurin. Kula da abu biyu: wace Windows ce a ciki, kuma mai 32 ce ko mai 64. Na'urar hannu kuwa sau tari takardar ta goge. Nan sai dabara: a cikin Propriétés buɗe Détails, zaɓi Numéros d'identification du matériel. Za ka ga VEN da haruffa huɗu a gabansa. 10EC Realtek ke nan, 14F1 Conexant, 111D kuma IDT. Wannan lamba ita ce katin shaidar ƙarfen, ba ta ƙarya. Bayan an sa direba, lalle a kashe na'ura a sake kunnawa kafin a yanke hukunci.

Hattara

A guji shafukan da ke alkawarin zuba duk direbobi da danna ɗaya. Wasunsu sukan shigo da tallace-tallace da ƙwayoyin cuta, a je neman ƙiba a samo rama. A kuma sani cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Tsohuwar na'ura da aka ɗora wa sabuwar Windows tana iya rasa direban da ya dace da ita.

Akwai kuma lokacin da ƙarfen ne da kansa ya mutu. Ko a nan ba a jefar da kwamfuta. Ana sayar da ɗan katin sauti mai kamar kile, wanda 'yan Nijeriya ke kira filas, a soka shi a ramin USB, ba ya bukatar direba na musamman. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar na'ura ba.

Shawara ga makarantu da iyaye

Rigakafi ya fi magani. Kuɗin intanet yana da nauyi, don haka duk wanda ya sami direban da ya yi masa aiki, ya ajiye shi a kile, ya rubuta sunan na'urar a jiki. Kowace makaranta ta buɗe littafi ɗaya: lambar kwamfuta, irin Windows, sunan direba. Wanda ya kai fomataj kada ya bar shago sai an kunna masa sauti ya ji da kunnensa. Mai sayen ta hannu shi ma haka, ya gwada lasifika da ramin kunne kafin ya ƙirga kuɗi.

Malamai kuma mu koya wa yara wannan bincike daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Yaron da ya saba tambayar "ina ciwon yake?" kafin ya ce "ta lalace", ya koyi abin da zai amfane shi har a wajen aji. Allah ya sa mu dace.