In Mai Reno Ta Ga Yaro Ya Yi Jinkiri

Bara, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, na sami masauki a gidan wata dattijuwa wadda sana'arta reno ce. Kowace safiya mata su kan kawo mata 'ya'yansu, waɗansu su wuce kasuwa, waɗansu ofis, da la'asar su dawo su ɗauka, ƙarshen wata su biya ta. Yara biyar ne a hannunta. Ran nan da dare muna hira a tsakar gida sai ta ce mini, "Malam, kai da ka ke karatun sha'anin yara, zan tambaye ka wani abu, amma kada ya wuce nan." Na ce, "To, Inna, ina jin ki." Ta ce akwai wani yaro cikin biyar ɗin, shekararsa 2 da wata 4, har yanzu bai taɓa cewa ko "Mama" ba. Wata rana faranti ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti, yara huɗu suka razana, ɗaya har ya fashe da kuka, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba, yana ta wasansa da murfin kwalba. Wata 5 ke nan tana riƙe da wannan magana a cikinta.

Na tambaye ta abin da ya hana ta gaya wa uwar. Ta ce, "Ɗan nan, ba ka san mata ba. In na faɗa, a ce na yi wa yaro baki. Ko kuwa a ce a hannuna ya lalace. Gobe ta ɗauke ɗanta, jibi sauran su ɗauke nasu, ni kuwa da kuɗin nan ni ke cefane."

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wannan tsoro nata ba na banza ba ne, kada wani ya yi mata dariya. Amma kuma akwai yaro a tsakani, shi kuwa ba shi da bakin da zai yi ƙara. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na koya game da al'amarin, gama da yawa daga cikinmu za mu riƙe ajin ƙanana, matan unguwa kuwa mu za su riƙa tambaya.

Da fari dai, ba abin mamaki ba ne mai reno ta riga uwa ganewa. Uwa ɗanta kaɗai ta ke kallo, ta saba da shi, kafin ya nemi ruwa ta miƙa masa. In ɗan fari ne ma, ba ta da wanda za ta gwada shi da shi, ga kuma kunyar ɗan fari da ke hana ta yawan zancensa a gaban manya. Mai reno kuwa tana ganin tsara huɗu ko biyar a kan tabarma guda, tun safe har yamma. Bambanci ba ya ɓuya mata.

To, amma ba kowane bambanci ne ciwo ba. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a kan yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, watau Gana, da Indiya, da Norwe, da Oman, da Amurka. An bi su ana rubuta lokacin da kowa ya fara zama, da rarrafe, da tsayuwa, da tafiya. Aka tarar zama ba tare da jingina ba, wani ya kan yi tun yana kusan wata 4, wani sai ya kai wata 9. Tafiya kuma, wani tun yana wata 8, wani sai wata 17 da rabi, dukansu kuwa lafiyayyu ne. Har ma an sami kamar yaro 4 cikin 100 waɗanda ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, daga jan gindi sai tsayuwa. Ashe ke nan in ɗan maƙwabciya ya yi tafiya yana wata 10, naki yana wata 14 bai yi ba, babu abin tashin hankali tukuna. Haka nan yaron da aka haifa bakwaini, kafin ya cika shekara 2 sai a riƙa cire masa watannin da ya rage bai cika a ciki ba, sa'an nan a gwada shi da tsaransa.

Inda ya kamata mai reno ta buɗe ido shi ne inda yaro ya wuce iyakar da kusan dukan yara su ke kai wa. In ya wuce wata 9 ba ya iya zama shi kaɗai. In ya cika shekara ba ya gwaranci, ba ya juyowa in an kira sunansa. In ya kai wata 18 ba ya tafiya, ko kuwa ba ya nuna abu da yatsa domin a duba tare da shi. In ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Mama zo". Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sake tsara jerin irin waɗannan alamu a 2022, ta sa kowane abu a watan da aƙalla yara 75 cikin 100 su ke iya yinsa, domin a rage yawan cewa "a ƙara jira". Akwai kuma alama guda wadda ba a jira da ita ko mako ɗaya: yaro ya iya abu sa'an nan ya daina. Yana faɗin kalmomi ya yi shiru, ko yana tafiya ƙafa ta saki. Wannan sai asibiti nan da nan.

A garuruwa irin namu akwai wata magana da a kan yi, wai yaro ya yi jinkirin baki ne domin harsuna sun yi masa yawa, a gida Hausa, a waje Yarbanci ko wani yare, wajen reno Turanci. Masana sun bincika wannan, ba haka ba ne. Yaron da ke tashi da harshe biyu ko uku ya kan gauraya su, amma in an haɗa kalmominsa na dukan harsunan aka ƙidaya, za a tarar yana tafiya tare da tsaransa. Haka nan zancen "namiji ne, maza ba su saurin magana", ko "ubansa ma sai da ya shekara 4". Wani lokaci gaskiya ne, yaro ya buɗe baki daga baya ya dame kowa da surutu. Amma ba wanda ya isa ya tabbatar da haka da ido kawai.

Abubuwan da ke kawo jinkiri suna da yawa, kuma ba aikin mai reno ba ne ta zaɓi ɗaya ta liƙa wa yaro. Rashin ji shi ne na farkon dubawa ga duk yaron da bai yi magana ba, gama da kunne a ke koyon baki. Sanƙarau, da ƙyanda, da shawara mai tsanani a kwanakin farko bayan haihuwa, da kunne mai yawan zubar da ruwa, duk suna iya taɓa ji. Doguwar naƙuda wadda jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, daga baya a ga jiki ya sandare ko ya saki. Tamowa da ƙarancin jini su kan sa yaro ya zauna sukuku, ba wasa ba gwaranci. Akwai gubar dalma, wadda aka ga ɓarnarta a Zamfara a 2010, sa'ad da yara kusan 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, waɗansu da suka tsira kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wata lalura da likitoci ke kira otizim, wadda wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana a 1943: kunnen yaro lafiya lau, amma ba ya yawan haɗa ido da mutane, ba ya shiga wasan tsara, ya kan nace wa abu guda. Dubi yawan waɗannan. Likita da kansa sai ya yi gwaje-gwaje kafin ya ce ga shi, balle mai reno, balle ni ɗalibi.

Saboda haka abin da mai reno za ta kai wa iyaye shi ne abin da idonta ya gani kurum, ba sunan cuta ba. Ga yadda na ga ya fi dacewa.

Ta fara lura na mako biyu ko uku. In ta iya rubutu, ta sami ɗan littafi ta riƙa sa rana da abin da ya faru. In ba ta iya ba, ta riƙe misali uku ko huɗu a ka. Sa'an nan ta nemi lokaci. Ba a bakin ƙofa ba da la'asar, uwa ta dawo a gajiye, ga sauran mata tsaye suna saurare. Maganar da aka yi a gaban kishiya ko maƙwabciya ta riga ta zama cin fuska, ko da gaskiya ce. Gara ta taka har gida ranar da ba aiki, a gaisa, a zauna. Ta fara da abin da yaron ya iya, da gaske ba don daɗin baki ba: yana cin abinci da kansa, yana hawa kujera, ba shi da rigima. Sa'an nan ta yi tambaya maimakon ta yanke hukunci: "Ƙanwata, a gida in kin kira shi ta baya, ya kan juyo? Ni dai na gwada sau da yawa, sai na taɓa shi ya ke sanin ina nan." Sau da yawa uwa ta daɗe da shakka a zuciyarta, tana jiran wanda zai fara. Wata za ta yi kuka, wata za ta yi fushi. Fushin nan ba da mai reno a ke yi ba, tsoro ne ya sa shi.

Akwai kalmomin da ba su kamata su fito daga bakinta ba: bebe, kurma, wawa, balle ɗan ruwa. Suna irin wannan in ya kama yaro a unguwa, da wuya ya sake shi. Kada kuma ta kawo sunan ɗan wata ta ce ga shi ƙaninsa ne amma ya fi shi baki. Kada ta tono laifi, ta ce don an yi kwanika ne, ko don uwa ta cika fita aiki. Kuma ta tuna uwa ba ita kaɗai ke da yaro ba. Maigida ne zai ba da izini da kuɗin mota, kaka kuwa in ta ce a kai wa wanzami ya tsaga ƙarƙashin harshe, da wuya a ƙi. Wannan tsagar ba ta buɗe bakin yaron da ba ya ji, sai dai ta jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. To, ya kyautu a shawo kan kaka tun da wuri, a girmama ta, a ce, "Iya, ke kika reni ubansa, ki taya mu dubawa."

Ƙarshen zancen ya zama abu guda mai sauƙi: a kai yaro asibitin yara, a tafi da katin awonsa, a roƙi a gwada ji da gani, a auna nauyi. Wannan kati da mata ke ajiyewa a ƙasan akwati yana da tarihi a ƙasar nan: wani likita Bature, David Morley, wanda ya zo Nijeriya a 1956, shi ya tsara irinsa a aikin da ya yi a Imesi-Ile ta ƙasar Ijesha, daga nan ya bazu a duniya.

A Ingila sun mai da wannan al'amari doka. Tun 2012, duk mai renon da ke da rajista, in yaro yana hannunta tsakanin shekara 2 da 3, tilas ta rubuta wa iyayensa taƙaitaccen bayani a kan yadda ya ke motsi, da magana, da zama da mutane, ta nuna inda ya ke bukatar taimako. Abin da ya burge ni a nan shi ne, tun da kowane yaro a ke yi wa, ba uwar da za ta ce ɗanta aka tsana. Mu ba sai mun jira doka ba. Mai reno tana iya gaya wa kowace uwa tun ranar da ta fara kawo yaro cewa, duk bayan wata 3 za su zauna su yi zancen girmansa, daɗi ko ba daɗi.

Wani abokina a aji ya ce mini, in aka tayar wa mutane da hankali, aka je asibiti aka tarar ba kome fa? Na ce an yi asarar kuɗin mota da yini guda, mai reno ta sha ɗan gori. Amma in akwai wani abu aka yi shiru, shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe su ne ukun farko, ba su kuwa dawowa. Shi ya sa likitocin kunne su ke so a gane rashin ji kafin jariri ya wuce wata 3, a fara taimakonsa kafin ya wuce wata 6. Yaron da aka gane da wuri, ko a sa masa na'urar ji, ko a fara masa maganar hannu, ya shiga makaranta da harshe a kansa. Makarantun irin waɗannan yara sun daɗe a ƙasar nan. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi kansa ba ya ji, ya buɗe guda a Ibadan tun 1960.

In kuwa iyaye suka ƙi sauraro, mai reno ba ta da ikon ɗaukar yaro ta kai asibiti a ɓoye. Sai ta yi haƙuri, ta ci gaba da yi masa magana fuska da fuska, ta riƙa nuna masa abu tana kiran sunansa, bayan wata guda ta sake ɗauko zancen.

Inna dai ta tafi ran Asabar, ta ɗauki lemo a leda. Uwar ta saurara ba ta ce uffan ba, Litinin kuma ba ta kawo yaron ba, haka Talata. Ran Laraba da sassafe sai ga ta da shi a goye, katin awo a hannu, ta ce maigida ya yarda, amma ita ba ta san ƙofar da a ke shiga ba, ko Inna za ta raka ta? Na tsaya da sauran yara huɗun har ƙarfe bakwai da rabi, kafin 'yar Inna ta dawo daga ɗiban ruwa. A asibitin garin aka duba shi, aka ba su takarda zuwa sashen kunne na babban asibitin koyarwa. Kafin in gama gwajina an tabbatar musu cewa kunne ɗaya ba ya ji sam, ɗayan kuwa yana ɗan ji, an kuma sa musu ranar komawa domin a gwada masa na'ura.