Dokar Da Masunta Suka Kafa Wa Kansu A Madagaska

A shekarar 2004 mutanen Andavadoaka, wani ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Vezo a kudu maso yammacin Madagaska, suka yarda su rufe wani yanki na tekunsu na tsawon wata bakwai. Abin da suka hana kamawa shi ne oktofus, halittar nan mai hannu takwas da ke ɓuya cikin duwatsun murjani, wadda mata kan farauta idan ruwa ya janye, kuma ita ce babbar hanyar samun kuɗinsu. Oktofus yana girma da sauri, don haka da aka buɗe wurin sai ga manya-manya, kuma 'yan kasuwa da nauyi suke saye. Ƙauyukan maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har a 2006 suka haɗu suka kafa Velondriake, yankin teku da jama'a ke gudanarwa da kansu.

Sirrin nasarar yana ga wanda ya kafa dokar. Da dina aka yi aiki, wato dokar gargajiya da ake yankewa a taron gari, mai karya ta kuma gari ne ke cin tararsa. Mai gadin da gwamnati ta turo yakan tashi aiki, maƙwabci kuwa kullum yana nan. Wanda ya san yadda ake hana kamun kifi a Matan Fada har zuwa bikin Argungu ba zai sha mamaki ba.

Masu suka na cewa rufewar ɗan lokaci jinkirta kamu ne kawai, kuma ranar buɗewa baƙin da ba su yi haƙurin komai ba sukan kwararo su kwashe riba. Hakan ya faru. Amma binciken da aka buga a 2015 kan rufewa 36 ya nuna cewa abin da ƙauyukan suka samu bayan buɗewa ya zarce abin da suka rasa. Mafi muhimmanci, mutanen da suka ga amfanin haƙurin 'yan watanni su ne daga baya suka hana kamun kifi da guba, suka kuma keɓe wuraren da ba a taɓawa har abada. Da nan aka fara, da ba wanda zai saurara.

Sukar da ke da nauyi ita ce ta manyan jiragen kamun kifi, waɗanda dina ba ta isa ta tsayar da su ba. Wannan aikin hukuma ne. Ta tsare teku daga jiragen, ta ba dokar gari ƙarfi a kotu, sannan ta bar wa masunta ragamar gaɓarsu.