Kalmomin Hani a Harshen Turanci

Inda Bahaushe zai ce "an hana shi", Turanci yana da kalmomi da dama, kowace da muhallinta. Huɗu ne suka fi yawo a jarida da kotu da ofis: "refuse", "deny", "deprive" da "withhold". Abin da ya raba su shi ne ko an roƙi abin, da kuma a hannun wa yake lokacin hanin.

"Refuse" tana zuwa ne idan an nemi abu aka ƙi bayarwa, kamar wanda ya nemi biza bai samu ba. "Deny" ta fi ta nauyi, domin galibi tana nuna cewa abin haƙƙin mai nema ne, misali fursunan da aka hana ganin lauyansa. Tana kuma nufin musanta zargi. Ɗalibai kan gauraya biyun su ce "he denied to go", alhali "he refused to go" ne daidai.

"Deprive" raba mutum ne da abin da ya mallaka ko wanda rayuwa ba ta daɗi sai da shi, kamar barci da abinci da 'yanci, kuma "of" ke gabatar da abin da aka raba shi da shi. Da ita sashe na 33 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya haramta ɗaukar ran mutum da gangan, ban da inda doka ta keɓe.

"Withhold" kuwa riƙe abu ne da ke hannun mutum wanda ya kamata ya miƙa, kamar albashi ko bayani, sau da yawa na ɗan lokaci. Tana tafiya da "from". Ita hukumar WAEC ke amfani da ita idan ta riƙe sakamakon jarrabawa har a gama bincike.

Tarihi ne ya jawo wannan yalwa. "Withhold" 'yar gida ce, daga tushen Turanci. Sauran ukun ta hanyar Faransanci suka shigo, a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da shari'a.

Ga mai fassara da ɗan jarida, sanin wannan bambanci wajibi ne, domin riƙe albashin ma'aikaci daban, raba shi da albashin dungurungum daban.