Ma'aunin Zafin Nama: Ribarsa da Iyakarsa ga Masu Sana'ar Gashi a Ƙasar Katagum

AZARE — Garin Azare, mazaunin Sarkin Katagum kuma cibiyar kasuwancin arewacin Jihar Bauchi, yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Potiskum zuwa Maiduguri. Wannan hanya ita ce jijiyar fataucin dabbobi a arewa maso gabashin Nijeriya, shi ya sa sana'ar fawa da ta gashin nama suka daɗe da kafuwa a garin. Matafiya da ɗaliban manyan makarantu da masu jinyar 'yan'uwa da masu biki, dukansu abokan cinikin mai tukuba ne.

Har yanzu dai ido da hannu su ne ma'aunin mai gashi. Yakan duba launin nama, ya latsa shi, ko ya tsaga da wuƙa don ya tabbatar jini ya ɗauke. Amma a 'yan shekarun nan wata ƙaramar na'ura ta bazu a kasuwannin duniya, wato ma'aunin zafin nama wanda ba ya haɗe da igiya. Tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ita ce: wa na'urar za ta amfana, kuma wa za ta zame wa asarar kuɗi?

Na'urar wani tsinken ƙarfe ne mai kamar tsawon alƙalami, wanda ake sokawa cikin tsokar nama a bar shi har a gama gashi. A bakinsa akwai abin da ke auna zafin cikin nama, a gindinsa kuma wani yana auna zafin tanda. Daga nan sai ya riƙa aika ƙididdigar zuwa wayar salula ta hanyar Bluetooth, wayar ta yi ƙara idan nama ya kai zafin da aka tsara. Ɗaya daga cikin fitattun samfurori shi ne Meater, na kamfanin Apption Labs da ke Ingila, wanda kamfanin Traeger na Amurka ya saya a shekarar 2021 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 100. Wannan ciniki kaɗai ya isa ya nuna girman kasuwar.

Dalili na farko da ya sa ake auna zafi shi ne lafiyar mai ci. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna rasa rayukansu. Afirka ce ta fi jin jiki, da masu ciwo sama da miliyan 91 da mace-mace kimanin 137,000. Bankin Duniya kuwa, a wani rahoto na 2018, ya ƙiyasta asarar da ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ke yi ta wannan fuska a kan dala biliyan 110 a shekara, idan aka haɗa kuɗin magani da aikin da ba a yi ba.

Hukumar ta Lafiya tana ba da shawarar a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta rarrabe abin filla-filla: digiri 74 ga kaji da sauran tsuntsaye, 71 ga niƙaƙƙen nama, 63 ga gundarin naman sa ko na rago, muddin an bar shi ya huta minti 3 bayan saukewa. Launi ba ya tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kazar da aka ɗora kan garwashi mai ƙarfi tana iya ƙonewa a waje alhali naman cinya da ke jikin ƙashi bai nuna ba, can kuwa ƙwayoyin cuta irin su Salmonella ke tsira. Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu a 1993, lokacin da naman da bai gama gasuwa ba a shagunan abinci na Jack in the Box ya kwantar da mutane fiye da 700, yara huɗu suka mutu, kamfanin kuma ya tafka asara mai yawa ta diyya da zubewar suna.

Dalili na biyu shi ne riba. Nama yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a kan wuta, domin ruwa da kitse suna fita, kuma gwargwadon daɗewarsa gwargwadon ƙanƙancewarsa. A ɗauki misalin mai balangu da ya ɗora kilo 20. Idan ya sauke a kan kari zai tashi da kimanin kilo 15. Idan tsoron ɗanyen nama ya sa ya bar shi har ya rasa sulusin nauyinsa, abin da zai rage masa kilo 13 ne da 'yan kai. Bambancin ya kusa kilo 2 a gashi ɗaya, ban da gawayi ko itacen da aka ƙona a banza. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin jigilar dabbobi da farashin nama suka tashi, irin wannan yoyo ba abin rainawa ba ne. Da yake mutanen wannan yanki sun fi son nama nunanne sosai, amfanin ma'aunin a nan shi ne ya nuna wa mai gashi inda ya kamata ya tsaya.

Sai dai ba kowane gashi ne na'urar ta dace da shi ba. Tsire da kilishi falle-falle ake yanka su, babu kaurin da tsinken zai shiga, saboda haka a nan gwanintar mai tukuba ce ke aiki. Inda take da amfani shi ne babban yanki: cinyar sa, ragon da aka gasa sukutum don walima, ko kaji masu yawa a cikin tanda. Bugu da ƙari, kowane tsinke yana da iyakar zafin da zai jure. Samfurin farko na Meater, alal misali, bai wuce digiri 275 ba daga waje, harshen wuta kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ana kuma bukatar wayar zamani da caji, sannan murfin tanda na ƙarfe yakan rage nisan da saƙo ke kaiwa.

Akwai kuma batun tsada. Daga waje ake shigo da na'urar, kuma darajar Naira ta faɗi ƙwarai tun daga watan Yunin 2023 da aka sakar wa kasuwa ragamar canji. Ga mai teburi ɗaya a bakin tasha, ƙaramin ma'aunin hannu da ake sokawa a zare nan take ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai na wancan ba ko kusa. Marar igiyar ya fi dacewa da otal-otal da masu kwangilar abincin biki, inda mutum guda ke lura da wuta uku ko huɗu a lokaci ɗaya.

Ko wanne aka saya, ƙa'idar aiki ɗaya ce. A soka tsinken a wurin da nama ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi ko ya nutse cikin kitse. A wanke shi da sabulu tsakanin ɗanyen nama da gasasshe. A riƙa gwada ingancinsa cikin ruwan ƙanƙara, inda ya kamata ya nuna sifiri.

Har ila yau, aikin ma'auni bai ƙare da sauke nama ba. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma bai kamata dafaffen abinci ya wuce awa 2 a haka ba. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, tsiren da aka jera kan tebur tun la'asar yana cikin wannan hali har dare, sai fa idan an ajiye shi gefen wuta ko an sake ɗumama shi sosai. Wannan ɓangare ma ya shafi mai tsire da mai balangu baki ɗaya.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwon dabbobi, da burin ƙara wa fannin daraja. Ƙasar Katagum ba ta rasa dabbobi ba, ba ta kuma rasa gwanayen wuta ba. Amma manyan masu saye, kamar otal-otal da kantunan birane, sukan nemi shaida a rubuce game da yadda aka sarrafa abinci. Mai sana'ar da ya saba rubuta zafin kowane gashi a littafi yana da abin nunawa ranar da aka zauna maganar kwangila.