Kura da Mariƙin Igiya na Ƙaramin Jirgi Mai Filafili

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, da ta Tiga a 1974, mutanen bakin waɗannan tafkuna suna haɗa noma da su. Inji yana da tsada, fetur kuma kullum sai an saya, iska kuwa kyauta Allah ya ba mu. Saboda haka ƙungiyar da take da ƙaramin jirgi mai faɗi tana iya sa masa filafili, wato babban ƙyallen nan da iska ke turawa. Amma kafin a taɓa kuɗin ƙungiya, bari mu duba kayan da ke riƙe da igiyarsa.

A gindin filafili akwai sanda. Igiyar da ke ɗaure da sandan nan ita ce linzamin filafili. In an ja ta, filafili ya kama iska. In an sake ta, iska ta zube, jirgi ya miƙe tsaye. Ƙaramin jirgi ba shi da nauyi a ƙasa, guguwa ɗaya tana iya kifar da shi. Don haka dokarmu ɗaya ce: kada mu sayi abin da zai hana mu sakin igiya nan take.

Na fari, yawan kura. Irin kurar da muke jan guga da ita ce a rijiya, sai dai ƙarama. Akan sa ɗaya a jikin sanda, ɗaya a ƙasan jirgi, igiya tana kai da kawowa tsakaninsu. In zubi uku ta yi, nauyin kilo 60 ya koma wajen kilo 20 a hannu, amma sai an ja mita uku kafin sanda ta matso mita ɗaya. Zubi uku ko huɗu ya ishi ƙaramin jirgi. In ya fi haka, igiya ta yi yawa, tana harɗe ƙafa, ba ta kuma fita da sauri.

Na biyu, girman kura. Mu fara zaɓen igiya tukuna. Mai kaurin milimita 8 zuwa 10 ba ta yanka hannu. Sa'an nan mu nemi kura mai faɗin milimita 40 zuwa 57. Mu tafi da guntun igiyar wurin mai sayarwa, mu zura, mu ja. In tana gogar gefe, mu bar ta. Kura mai boris ta fi sakin igiya ko da iska ba ta da ƙarfi. Ƙarfenta kuwa ya zama wanda ba ya tsatsa.

Na uku, akwai wata kura mai ƙas-ƙas, wadda take juyawa gefe ɗaya kaɗai. Tana da gargada a ramin da igiya ke bi, tana ɗauke wa hannu rabon nauyi, amma da an buɗe hannu igiya ta tafi. In kuɗinmu na abu ɗaya mai kyau ne, wannan za mu saya, mu sa ta ta ƙarshe, kusa da mai tuƙi.

Na huɗu, mariƙi. Akwai mai ƙaho biyu wanda ake naɗa igiya a kansa. Yana da kyau don ɗaure jirgi a gaɓa, amma kada a naɗa linzamin filafili a kai, gama kafin a warware ruwa ya shiga. Wanda ya dace shi ne mai muƙamuƙi biyu masu haƙora. Ana danna igiya tsakaninsu su cije, a fizge ta su saki. A kafa shi yadda mai tuƙi zai iya fizgewa daga inda yake zaune a gefen jirgi. Duk da haka, in hadari ya haɗu, ko mai koyo ne ke tuƙi, igiya ta zauna a hannu.

Kada a buga kayan nan da ƙusa. A huda katako a ɗaure da noti, a sa wani guntun katako ta baya. Bayan aiki a wanke yashi da ruwa. Kada a shafa giris a boris, don ƙura takan manne masa. A yi ƙulli a bakin igiya don kada ta zare daga kura, kowa kuma ya sa rigar da ke hana nutsewa.

A Markus sura 4 mun ga hadari ya tsorata almajiran Yesu a tekun Galili, alhali akwai masunta a cikinsu. Balle mu da muka fi sanin fartanya. Kafin a ɗauki kaya ko mutane, mu gwada sakin igiya sau da yawa kusa da gaɓa. Ubangiji ya kiyaye shigarmu da fitarmu.