Wayar da ke tuna wa uwa ranar rigakafi

Ana yi wa jariri allurar rigakafi da zarar an haife shi, sai a mako na 6, na 10 da na 14, sannan ta ƙyanda idan ya cika wata tara. Ma'aikaciyar asibiti takan rubuta ranakun a kati da boko, uwa ta kawo katin gida ta jefa cikin kwalla. Idan damina ta kankama, kowa ya duƙufa gona, sai ranar ta wuce ba wanda ya tuna. Sau da yawa mantuwa ce ke raba yaro da allura.

A nan ne ƙaramar waya mai tocila take da rana. A Indiya, gwamnati ta ɗauki wani shiri mai suna Kilkari a 2016, wanda BBC Media Action ta tsara. Wayar mai juna biyu za ta yi ƙara sau ɗaya a mako, tun daga wata na huɗu na cikin har yaro ya shekara. Tana ɗauka sai ta ji murya cikin harshenta tana yi mata bayani a kan awo, shayar da nono zalla har wata shida, da ranar rigakafi. Saƙo 72 ke nan, kuma ba ya buƙatar data ko iya karatu.

Mu ma mun ga amfanin waya a yaƙi da shan inna. An ba mutanen gari, har da masu maganin gargajiya, wayoyi masu manhajar AVADAR. Duk mako tana nuna musu ɗan gajeren bidiyo na yaron da ƙafarsa ta saki, ta tambaye su ko sun ga irinsa. Amsar tana isa ga jami'an lafiya nan take. Irin wannan sa ido na cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020.

Sai dai a gidaje da yawa wayar tana aljihun mai gida, shi kuwa yana kasuwa ko gona. Don haka saƙon da bai yi magana da shi da uwar miji ba, ya tsaya a ƙofar gida. Ga kuɗin caji, ga rashin sabis, ga saƙonnin murya na masu tallar maganin "komai da ruwanka" da ke yawo a WhatsApp.

Idan kin je awo, ki bar lambar da za a same ku. Kai kuma mai gida, idan kira ya shigo daga asibiti, ka buɗe murya kowa ya ji, sannan ka tanadi kuɗin mashin. Waya tuni kawai take yi. Allurar tana asibiti.