Wa zai ba mai taɓin hankali dandali ya yi magana?

A garinmu Kazaure ne Jihar Jigawa take da asibitinta na masu taɓin hankali, kuma tun ina yaro nake jin ana tsokanar wanda ya yi shirme da cewa za a kai shi can, kamar yadda Kanawa ke ambaton Dawanau. Na kuma taɓa shiga sahun yaran da ke bin wani bawan Allah a bakin kasuwa da ihu da jifa, ba tare da ɗayanmu ya tambayi sunansa ba. Wannan abu ne ya dawo mini a rai sa'ad da na karanta labarin da marubucin Rasha, Nikolai Gogol, ya wallafa a 1835, wanda aka sha mayar da shi wasan kwaikwayo na mutum ɗaya a ƙasashe da dama.

Labarin wani ƙaramin akawu ne a birnin Petersburg, wanda aikinsa fiƙe wa maigidansa alƙalami. Ba shi da abokin hira sai littafin da yake rubuta sirrinsa, ga shi ya kamu da son 'yar maigidan nasa, wadda ta fi ƙarfinsa. Sannu a hankali kaɗaici da wulaƙanci suka cinye shi, har ya ɗauka shi ne sarkin Sifaniya. Aka kai shi gidan mahaukata, aka aske masa kai, ana dukansa da sanda, ana kwarara masa ruwan sanyi, daga ƙarshe ya koma kiran mahaifiyarsa. A kan dandali, ɗan wasa ɗaya ne ke ɗaukar wannan nauyi duka, don haka mai kallo ba shi da wurin kai ido ko kunne sai gare shi.

Mai karatu, mu ma ba baƙi ba ne ga wasan mutum ɗaya, domin ɗankama shi kaɗai yake riƙe taro da barkwancinsa na abinci. Haka rubutaccen wasa ya daɗe a wurinmu, tun daga Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi zuwa Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Sai dai a yawancin wasanni da finafinan da na kalla, mai taɓin hankali yakan fito ne da tsumma da gwangwani don a yi dariya, ko a nuna sammu aka yi masa.

Ko shakka babu, wanda aka saba yi wa dariya ba a jin kukansa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sasari a ƙafa, kuma a watan da ya biyo baya aka samu irinsa a Daura, maƙwabciyarmu. Akasarinsu danginsu ne suka kai su. A Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta isa ta sauya abin da ke cikin zukata.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu da malaman Hausa a kwalejoji da su rubuta irin wannan wasa da harshenmu, bayan sun zauna da likitoci da waɗanda suka warke. Ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Tabarma da fitila da ɗan wasa guda sun wadatar. Ni dai zan so in zauna a sahun gaba, ko na biya bashin mutumin nan na bakin kasuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.